Makarantun Sakandaren Baƙaƙen Fata a Karkarar Amurka Zamanin Wariya: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya san sunan Martin Luther King ya san an yi wariyar launin fata a Amurka. Abin da ba a cika ba da labarinsa ba shi ne yadda ɗan manomin auduga, can cikin ƙauyen da ba titi ba lantarki, yake samun karatun gaba da firamare a wancan zamani, da wanda ya biya kuɗin karatun, da kuma abin da ya sami makarantar tasa daga baya.

Wane zamani ake magana a kai, kuma a wane yanki?

Kudancin Amurka ne, jihohi irin su Virginia, Carolina ta Arewa da ta Kudu, Georgia, Alabama, Mississippi, Louisiana da Arkansas, inda aka fi bautar da baƙaƙen fata kafin a soke bauta a 1865. A 1896 Kotun Ƙolin ƙasar, a shari'ar Plessy, ta halatta raba farare da baƙaƙe a wuraren jama'a, da sharaɗin a yi wa kowane ɓangare tanadi iri ɗaya. An riƙe rabuwar da hannu biyu, an yar da sharaɗin. Haka aka zauna har 1954 a takarda, amma a yawancin ƙauyuka sai wajen 1970 aka ga sauyi da ido.

Da gaske ne akwai wuraren da babu sakandare ko ɗaya ta baƙaƙen fata?

Ƙwarai kuwa, kuma da yardar kotu. A garin Augusta na jihar Georgia akwai makarantar sakandare ta Ware da aka buɗe wa baƙaƙen fata a 1880. A 1897 hukumar ilimi ta rufe ta, tana cewa kuɗin za su fi amfani a firamare, alhali tana ci gaba da tallafa wa sakandaren farare. Iyaye suka kai ƙara har Kotun Ƙoli. A 1899, a shari'ar Cumming, alƙalai baki ɗaya suka ƙi tilasta wa hukumar. Wannan hukunci ya nuna wa kowace gunduma a Kudu cewa za ta iya hana baƙaƙe sakandare ba abin da zai same ta.

Babban birni kamar Atlanta ma bai sami sakandaren gwamnati ta baƙaƙen fata ba sai 1924, lokacin da aka buɗe makarantar Booker T. Washington, wadda Martin Luther King ya yi karatu a cikinta daga baya. In birni ya jira har 1924, ina ga ƙauye? A farkon shekarun 1930, binciken ofishin ilimi na tarayya ya gano gundumomi fiye da 200 a Kudu masu ɗimbin baƙaƙen fata waɗanda ba su da sakandare ko guda dominsu.

Ba talaucin gwamnati kaɗai ba ne ya jawo haka. Masu manyan gonaki suna buƙatar hannun yaro ɗan shekara 14 a gonar auduga. Yawancin iyalan baƙaƙe suna noman kashe-mu-raba ne: gona ta mai gida, iri da taki bashi, in an girbe a cire bashi sannan a raba abin da ya rage, lissafin kuma yana hannun mai gona. Yaron da ya iya lissafi zai duba littafin bashin ubansa, yaron da ya gama sakandare kuma zai kama hanyar birni. Ga shi kuma tun daga shekarun 1890 an ƙwace wa baƙaƙe ƙuri'a ta hanyar harajin zaɓe da jarrabawar karatu, don haka babu ɗan hukumar ilimin da ke tsoron su kayar da shi.

To waɗanda aka samu, wa ya gina su?

Sunan da ya fi yawo shi ne Julius Rosenwald, attajirin Bayahude shugaban kamfanin Sears da ke Chicago. Booker T. Washington, shugaban kwalejin Tuskegee a Alabama, shi ya shawo kansa a 1912 aka fara gwaji da ƙananan makarantu 6 a kewayen Tuskegee. Zuwa 1932 da shirin ya ƙare, an gina makarantu 4,977 a jihohi 15. In aka haɗa da gidajen malamai da ɗakunan koyon sana'a, gine-ginen sun kai 5,357. Yawancinsu firamare ne masu malami ɗaya zuwa uku, amma manyan cikinsu su ne suka zama sakandaren gundumomi da dama.

Sai dai a duba lissafin kuɗin da kyau. Aikin gaba ɗaya ya ci kimanin dala miliyan 28.4. Asusun Rosenwald ya ba da kimanin miliyan 4.3. Baƙaƙen fata da kansu, manoman nan da ba su mallaki ƙasar da suke nomawa ba, sun tara kimanin miliyan 4.7. Talakawan sun fi attajirin bayarwa. Mafi yawan ragowar ya fito daga baitulmalin gwamnati, wanda harajinsu ma yana ciki. Ke nan sau biyu suka biya: sun biya haraji an gina wa 'ya'yan wasu makaranta, sannan suka sake kwance bakin zani don gina ta 'ya'yansu.

Yadda aka tara kuɗin abu ne da Bahaushe zai gane nan take, don karo-karo ne da aikin gayya. Mata su soya kifi da kaji su sayar bayan an tashi daga coci. Manomi ya ware eka ɗaya ta auduga ya ce amfaninta na makaranta ne. Wanda ba shi da ko sisi ya sare itace ya kai injin katako, ko ya zo da alfadarinsa da hannayensa. Ba na rage wa Rosenwald komai da wannan magana. Mutumin ya yi abin kirki, kuma tsarin gininsa na masu tunani ne. An sa manyan tagogi jere suna fuskantar gabas ko yamma don hasken rana ya wadaci aji tunda babu wuta, an kuma yi bangon katako mai turuwa tsakanin azuzuwa don da daddare ginin ya zama zauren taron gari. Amma in za a rubuta suna a jikin bango, ya kamata a tuna da matar da ta sayar da kajinta.

Me ya sa da yawansu ake kiransu "makarantar horaswa ta gunduma" maimakon sakandare?

Saboda kalmar sakandare kanta tana tayar wa masu mulkin yankin hankali. Asusun Slater, wani asusun agaji daga Arewa, shi ya fara tallafa wa irin waɗannan makarantu a 1911, kuma ta garin Kentwood a gundumar Tangipahoa ta jihar Louisiana ce ake ƙirgawa ta farko. Manufar da aka sayar wa hukumomi ita ce: za a koya wa samari noma da kafinta, 'yan mata ɗinki da girki, sannan a horar da kaɗan su zama malaman firamaren ƙauye. Da wannan suna aka samu sa hannun hukuma.

A cikin aji kuwa labarin ya sha bamban. Shugabannin makarantun da iyaye sun yi ta ƙara aji ɗaya-ɗaya, suna shigar da aljabara, Latin, adabi da kimiyya, har makarantar ta cika sakandare mai shekara 4 tana riƙe da tsohon sunanta. Ɗan gwagwarmaya John Lewis, wanda ya zama ɗan majalisar tarayya, irin wannan ya yi a gundumar Pike ta Alabama. Marubuciya Maya Angelou ta yi ta gundumar Lafayette a garin Stamps na Arkansas.

Muhawarar ko baƙin mutum karatun hannu ya dace da shi ko na littafi, wadda ta raba Booker T. Washington da W. E. B. Du Bois, ta ƙetaro teku ta same mu. Kwamitin Phelps-Stokes da ya zagaya Afirka ta Yamma a 1920 zuwa 1921, har da Najeriya, tare da James Aggrey na ƙasar da yanzu ake kira Ghana, ya ba Turawan mulkin mallaka shawarar kwaikwayon tsarin Tuskegee na karatun hannu.

Yaya yaro yake isa makaranta in guda ɗaya ce a duk gundumar?

A nan yawancin yara suka faɗi. Gunduma ƙasa ce mai faɗi, makaranta kuma tana can a babban gari. Medgar Evers, wanda aka kashe a 1963 saboda fafutukar 'yanci a Mississippi, tafiyar mil 12 yake yi a ƙafa don karatun sakandare. Wasu iyayen kan kai yaro gidan ɗan'uwa ko wata tsohuwa ta coci a gari, su riƙa biyan kuɗin zama da masara, dankali da naman alade mai gishiri. Wasu kan kai 'ya'yansu makarantun kwana masu zaman kansu, irin su Piney Woods da Laurence Jones ya kafa a Mississippi a 1909, ko Palmer da Charlotte Hawkins Brown ta kafa a Sedalia ta Carolina ta Arewa a 1902. Coretta Scott, matar King daga baya, ta yi makarantar Lincoln a garin Marion na Alabama, kuma mahaifiyarta ce ke tuƙa motar da ke ɗaukar yaran unguwarsu.

Sannan ga auduga. A wurare da dama ana raba zangon karatun baƙaƙe gida biyu: a buɗe makaranta cikin tsananin zafin Yuli da Agusta, a rufe lokacin tsinkar auduga, a dawo bayan an gama. Yaron da ubansa ke cikin bashi ba ya dawowa sai gona ta sake shi.

Maganar mota kuwa ita ta haifi ɗaya daga cikin manyan shari'o'in ƙasar. A gundumar Clarendon ta Carolina ta Kudu, 'ya'yan farare suna da bas kusan 30, baƙaƙe ba su da ko ɗaya, wasu yaran suna taka mil 9 zuwa makarantar Scott's Branch a Summerton. Wani manomi, Levi Pearson, da maƙwabtansa suka haɗa kuɗi suka sayi tsohuwar bas. Suka roƙi hukuma ta riƙa zuba mai kawai, ta ƙi. Da ƙarfafawar Fasto Joseph DeLaine, Pearson ya kai ƙara, aka kori ƙarar a 1948 bisa hujjar cewa gonarsa tana kan iyaka, harajinsa a wani yankin yake biya. Nan take aka toshe masa bashin iri da taki.

Yaya cikin makarantar yake?

Mu leƙa guda ɗaya. Makarantar Robert Russa Moton a garin Farmville, gundumar Prince Edward ta Virginia, an gina ta a 1939 don ɗalibai 180. Zuwa 1951 ɗalibanta sun haura 450. Babu ɗakin gwajin kimiyya, babu ɗakin cin abinci, babu zauren motsa jiki. Da cunkoso ya yi yawa, hukuma ta kafa rumfuna 3 na katako ta lulluɓe su da takarda mai kwalta, masu wucewa a mota suna zaton akurkin kaji ne. A tsakiyar kowace rumfa akwai murhun ƙarfe na kwal: na kusa da shi yana zufa, na bakin ƙofa yana karkarwa cikin kwat. In ana ruwa rufin yana yoyo, yara su buɗe lema a kan littattafansu. Wani ajin ma a cikin tsohuwar bas ake yin sa.

Littattafan, a kusan ko'ina a Kudu, kwance ne daga makarantun farare. Yaro ya buɗe bango ya tarar da sunayen waɗanda suka riga shi, shafuka sun yage, wani lokaci da zagin da aka rubuta da gangan saboda an san hannun da littafin zai faɗa. A Clarendon, shekarar karatu ta 1949 zuwa 1950, an kashe dala 179 a kan kowane ɗan farar fata, dala 43 a kan baƙi.

In haka ne, me ya sa tsofaffin ɗalibansu suke tuna su da ƙauna?

Saboda malamai. A zamanin da baƙin da ya yi digiri ba zai samu aiki a banki ko kamfani ba, koyarwa ce ƙofar da ta rage, don haka mafi hazaƙar al'umma suna cikin aji. Da yawa suna tafiya jami'o'in Arewa a hutun bazara su ƙaro digiri na biyu, suna karɓar albashin da bai kai na takwarorinsu farare ba. Shugaban makaranta ana ce masa Farfesa, ko da ba na jami'a ba ne. Girmamawa ce daga mutanensa a ƙasar da farare ba sa sa wa baƙi laƙabin mutunci a gaban sunansa.

Malamin yana zaune cikin unguwa, cocinsu ɗaya da iyaye, ya san gidan da ba a ɗora tukunya ba. In yarinya ta daina zuwa, zai bi ta har gona ya zauna da ubanta. N. L. Dillard, wanda ya shugabanci makarantar gundumar Caswell a Yanceyville ta Carolina ta Arewa kusan shekara 40, ya kai makarantarsa ta samu amincewar ƙungiyar tantance makarantu ta Kudu a 1955. Akwai kuma malaman Jeanes, mata masu zagaya ƙauyuka suna duba makarantu, da kuɗin da wata tsohuwa 'yar Philadelphia, Anna Jeanes, ta bayar a 1907, dala miliyan 1. Ta farkonsu ita ce Virginia Randolph a gundumar Henrico.

Makarantar ita ce zuciyar gari. Akwai ƙungiyar mawaƙa, 'yan badujala, ƙwallo, muhawara, ƙungiyar matasan manoma ta baƙaƙe da aka kafa a Tuskegee a 1935, da makon tarihin baƙar fata da Carter Woodson ya fara a 1926, inda yaro ke jin sunayen da littafin gwamnati ya ɓoye. Ranar yaye ɗalibai, kakar da aka haifa kusa da zamanin bauta tana zaune a benci tana kallon jikanta da takardar shaida.

Wace rawa waɗannan makarantu suka taka wajen rushe wariya?

Babba. Shari'ar Brown ta 1954, wadda ta soke wariya a makarantu, ƙararraki 5 ne aka haɗa, biyu daga ciki daga karkarar Kudu suka fito.

Ta farko ita ce ta Clarendon. Bayan faɗuwar Pearson, iyaye suka sake sa hannu a sabuwar ƙara da lauya Thurgood Marshall ya jagoranta. Sunan Harry Briggs ne a sama, ma'aikacin gidan mai. Aka kore shi, aka kori matarsa Eliza daga otal ɗin da take aiki. Fasto DeLaine an raba shi da koyarwa, an ƙone gidansa, daga baya aka ƙone cocinsa, a 1955 ya tsere daga jihar da daddare.

Ta biyu yara ne suka tayar da ita. Ran 23 ga Afrilu 1951, Barbara Johns, 'yar shekara 16 a makarantar Moton, ita da 'yan kwamitinta na sirri suka sa aka buga wa shugaban makaranta waya cewa wasu ɗalibai suna rigima a cikin gari. Yana fita, aka raba wa malamai takardar kiran taro. Da zaure ya cika, labule ya buɗe, sai ga Barbara a tsaye. Ta nemi malamai su fita, ta yi wa 'yan'uwanta jawabi, duk suka bi ta waje. Mako biyu suna ƙaurace wa aji. Sabon gini suke nema, amma lauyoyin NAACP, ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata, wato Oliver Hill da Spottswood Robinson, suka ce ba za su karɓi ƙarar ba sai in wariyar kanta za a ƙalubalanta. Iyaye suka taru a coci suka amince. Saboda barazana, dangin Barbara suka tura ta Montgomery ta jihar Alabama wurin baffanta Fasto Vernon Johns, can ta ƙarasa karatu.

Ran 17 ga Mayu 1954 Kotun Ƙoli ta ce raba yara a makaranta ya saɓa wa tsarin mulki.

Sai aka haɗe makarantun nan take?

Ina! Tun kafin hukuncin, jihohi sun hango shi, suka shiga gina wa baƙaƙe sababbin makarantun bulo don su nuna wa kotu an daidaita. Carolina ta Kudu ta sa harajin sayayya na kashi 3 cikin 100 a 1951 saboda wannan. Shi ya sa sakandare da yawa na karkara suka samu gini mai kyau a ƙarshen rayuwarsu. Bayan hukuncin kuma aka shiga jan ƙafa da ramuwar gayya. A 1956 Carolina ta Kudu ta haramta wa ma'aikatan gwamnati zama 'yan NAACP, malamai 21 na makarantar Elloree suka gwammace rasa aiki da su bi wannan sharaɗi.

Gundumar Prince Edward ta wuce kowa: ta rufe makarantun gwamnati gaba ɗaya daga 1959 zuwa 1964. An buɗe wa 'ya'yan farare makaranta mai zaman kanta, yaran baƙaƙe kimanin 1,700 suka zauna. Wasu an tura su gidajen mutane a wasu jihohi, da yawa kuwa karatun ke nan har abada. Sai da Kotun Ƙoli ta yi hukunci a shari'ar Green a 1968 da ta Alexander a 1969 sannan haɗewar ta tabbata a karkara.

Me ya sami makarantun baƙaƙen da malamansu?

Nan ne labarin ya fi ciwo. Waɗanda suka yi shekaru suna yaƙar haɗewa su ne aka ba wa aiwatar da ita, suka kuma ɗora nauyinta a wuyan ɓangare ɗaya. Kusan ko'ina makarantar baƙaƙe ce aka rufe, ko aka mayar da ita ƙaramar sakandare, aka sauya mata suna. Kofunan da aka ci a gasa, hotunan ɗalibai da tutar makaranta, a wurare da yawa bola aka kai su. An ƙiyasta malamai da shugabanni baƙaƙe fiye da 38,000 sun rasa aiki a shekaru 10 na farko bayan hukuncin Brown. A Carolina ta Arewa shugabannin sakandare baƙaƙe sun ragu daga 227 a 1963 zuwa 8 a 1970. Farfesan da gari ke miƙewa in ya shigo ya koma mataimaki mai lura da motoci da littattafai.

Wasu ba su yarda ba. A gundumar Hyde ta Carolina ta Arewa, da aka shirya rufe makarantun O. A. Peay da Davis, iyaye suka janye 'ya'yansu shekarar karatu guda cur, 1968 zuwa 1969, suna koyar da su a coci, suna tattaki har Raleigh, babban birnin jihar. Ba haɗewa suka ƙi ba. Cewa suka yi a haɗe ta kowane ɓangare. Suka yi nasara, makarantun biyu suka ci gaba da aiki da yara farare da baƙaƙe.

Ke nan zamanin wariya ya fi musu?

A'a, kuma ba na jin daɗin yadda wasu ke karkatar da ƙaunar tsofaffin ɗalibai zuwa wannan magana. Wanda ya gama makarantar shi ne ke ba da labari. Wanda auduga ta riƙe, ko nisan hanya ya mayar da shi gida yana aji 7, ba a jin muryarsa a taron tsofaffin ɗalibai, kuma su ne suka fi yawa. Alherin da aka samu a makarantun nan na malamai ne da iyaye, ba na dokar da ta matse su ba. Iyayen da suka gina su da guminsu su ne dai suka sa hannu a ƙara, suka rasa aiki da gida don a rushe tsarin. Abin da suka nema shi ne 'ya'yansu su samu ɗakin kimiyya da sabon littafi ba tare da sun rasa malamin da ya san sunan kakarsu ba.

Me ya rage daga cikinsu yau?

Da yawa sun ruɓe cikin daji, wasu sun zama rumbun ciyawa ko ɗakin taron coci. A 2002 ƙungiyar adana wuraren tarihi ta ƙasar ta sa makarantun Rosenwald cikin jerin waɗanda suka fi fuskantar ɓacewa, daga nan ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai suka ƙara himmar saye da gyara nasu. Har yanzu suna taruwa duk bazara, daga Chicago, Detroit da New York, sanye da rigar launin makarantar da aka rufe fiye da shekara 50 da suka wuce. Ginin Moton a Farmville gidan tarihi ne yanzu. Mai ziyara zai shiga zauren da Barbara Johns ta tsaya. Ita kam ta zama ma'aikaciyar laburaren makaranta a Philadelphia, ta rasu a 1991. A 2020 jihar Virginia ta cire mutum-mutumin Janar Robert E. Lee, kwamandan sojojin masu kare bauta, daga ginin majalisar tarayya a Washington, ta zaɓi a sa nata a gurbinsa.